Ciwon Ƙugu Mai Sauka Ƙafa: Abin Da Aladu Da Ɓeraye Suka Koya Wa Likitoci

Da wuya a shiga gari ko ƙauye a ƙasar nan a rasa mai kuka da ciwon baya. Ɗan dako da ya sunkuya zai ɗaga buhu, da direban babbar mota da ya kwana a zaune daga Legas zuwa Kano, da manomin da ya wuni a duƙe da fartanya, da akawun da kujera ta riƙe tun safe, babu wanda ciwon ya ƙyale. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a cikin shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana jama'a aiki da walwala.

Amma akwai wani irin ciwon da ya fi sauran azaba. Shi wannan yakan taso daga ƙugu, ya bi ta mazaunai, ya gangara bayan cinya da sha raɓa, wani lokaci har yatsun ƙafa, kamar ana jan zaren wuta. Tari ko atishawa sukan tayar da shi, zama kuma ya gagara. Tun a cikin shekarar 1764 wani likitan birnin Naples na ƙasar Italiya, Domenico Cotugno, ya rubuta cewa ciwon na babbar jijiyar ƙafa ne, watau jijiyar da ta fi kowace tsawo da kauri a jikin ɗan Adam. Abin da aka daɗe ana nema shi ne maganinsa, kuma neman ya bi ta jikin karnuka da aladu da ɓeraye da zomaye. Labarin waɗannan gwaje-gwaje yana ɗauke da nasara da kuma faɗuwa, ya kuma kamata duk mai sayen maganin ciwon baya a kemis ya san shi.

Gammon Ƙashin Baya

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, an ɗora wani bisa wani. Bakwai suna wuya, 12 suna daidai ƙirji, biyar suna ƙugu, sauran kuwa sun haɗe da juna a can ƙasa. A tsakaninsu akwai faya-fayai guda 23, kowanne yana aiki irin na gammo, watau yana tare nauyi don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Gefen faifan zobba ne masu ƙarfi, wani cikin wani kamar ɓawon albasa. Tsakiyarsa kuwa wani abu ne mai laushi da danƙo kamar ƙullu mai kauri, wanda yawancinsa ruwa ne.

Sa'ad da shekaru suka ja, ko aikin ƙarfi ya yi yawa, zobban sukan tsage, sai ƙullun ya bulluƙo ta baya, daidai inda saiwar jijiya ke fitowa daga laka za ta nufi ƙafa. Kimanin tara daga cikin goma na irin wannan tsagewa a ƙugu suna aukuwa ne a faya-fayai biyu na can ƙasa, domin su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki duka.

Dannewa Ce Kaɗai?

A cikin shekarar 1934 likitoci biyu na babban asibitin Massachusetts da ke birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka buga rahoton da ya nuna cewa faifan da ya fashe shi ne ke haddasa ciwon, kuma idan aka yi fiɗa aka cire abin da ya bulluƙo, majiyyaci yakan sami sauƙi. Daga nan likitoci suka ɗauki al'amarin kamar na dutse da ya danne tiyo: a ɗauke dutse, ruwa ya wuce. An shafe shekaru wajen hamsin a kan wannan fahimta.

Zuwan na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI shi ya kawo ruɗani. A cikin shekarar 1994 wasu likitoci a jihar Kalifoniya suka ɗauki hoton bayan mutane 98 waɗanda ba sa jin ciwon kome. Sai ga shi kashi 52 daga cikin ɗari suna da faifan da ya kumburo, kashi 27 kuma nasu har ya turo waje, alhali kuwa suna harkokinsu lafiya lau. Haka nan a asibiti akan ga wanda fashewar tasa 'yar ƙarama ce amma ba ya iya taka ƙasa, akan kuma ga wanda ciwonsa ya tafi amma hoton bayansa yana nan yadda yake. Ashe ke nan akwai wani abu bayan dannewa.

To, amma yaya za a gano shi? Babu likitan da zai buɗe bayan mai lafiya ya zuba masa ƙullun faifai a kan jijiya don kawai ya ga abin da zai faru. A nan ne tilas ta sa aka koma ga dabbobi.

Aladun Gothenburg

A cikin shekarar 1987 wasu likitoci a Amurka suka ɗebi ƙullun faifai daga jikin karnuka, suka yi wa kowane kare allurar nasa a kusa da laka. Da suka duba wurin da madubin likita, sai suka tarar ya kumbura, fararen ƙwayoyin jini sun yi dandazo a ciki. Dalili kuwa shi ne, tsakiyar faifan babba ba ta da hanyoyin jini, saboda haka sojojin jiki ba su saba da ƙullun ba. Ranar da ya fito, sai su ɗauke shi baƙo, su far masa, jijiyar da ke maƙwabtaka da shi kuma ta sha wahalar yaƙin.

Gwajin da ya fi yin suna an yi shi ne a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin, aka buga shi a cikin shekarar 1993. Kjell Olmarker da Björn Rydevik da Claes Nordborg sun sa wa aladu maganin barci, suka ɗebi ƙullu daga faifan kowane alade, suka shimfiɗa shi a hankali a kan jijiyoyin da ke ƙarshen bayansa, ba tare da sun danne su ko kaɗan ba. Wasu aladun kuma aka shimfiɗa musu kitsen jikinsu a maimakon ƙullu, domin a sami abin kwatantawa. Bayan kwana ɗaya, da kwana uku, da kwana bakwai, aka auna saurin da saƙo ke gudu a cikin jijiyoyin. Na masu kitse bai canja ba. Na masu ƙullu kuwa ya ragu ƙwarai, jijiyoyin kuma suka nuna alamun lalacewa. Wannan ya tabbatar da cewa ƙullun da kansa yana cutar da jijiya, ko da babu nauyin da ya hau kanta.

Shekara guda bayan haka suka sake gwajin, amma a wannan karo suka yi wa aladun allurar methylprednisolone, ɗaya daga cikin magungunan kashe kumburi masu ƙarfi da ake kira sitiroyid. Aladun da aka yi wa allurar a cikin sa'o'i 24 na farko jijiyoyinsu sun tsira. Ke nan an sami shaida ta biyu cewa kumburi ne ke yin ɓarnar.

Yadda Ake Tambayar Ɓera

Auna gudun saƙo a jijiya daban, sanin ko dabba tana jin zafi daban. Saboda haka masana suka koma ga ɓeraye, waɗanda suka fi araha da sauƙin kiwo. Mamoru Kawakami da abokan aikinsa a Wakayama ta ƙasar Japan suna daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki a tsakiyar shekarun 1990. Akan ɗebi ƙullu daga faya-fayan jelar ɓera, ko a huda faifan ƙugunsa, a bar ƙullun ya taɓa saiwar jijiyar ƙafa ɗaya, sa'an nan a ɗinke wurin, a jira ya farfaɗo.

Tun da ɓera ba ya magana, tafin ƙafarsa ake tambaya. Akan ɗora shi a kan raga, a riƙa taɓa tafin daga ƙasa da wasu siraran zare masu kauri daban-daban, waɗanda wani masani Bajamushe, Max von Frey, ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19. Ɓera mai lafiya ba ya kula da siririn zare, amma wanda jijiyarsa ta kumbura da an taɓa shi sai ya fizge ƙafa. Akwai kuma dabarar da Kenneth Hargreaves ya fito da ita a cikin shekarar 1988, inda ake haska ɗumi a tafin ƙafar, a ƙidaya daƙiƙa nawa zai yi kafin ya janye. Idan aka ba ɓera magani ya daina saurin fizge ƙafa, sai a rubuta cewa maganin ya yi aiki.

Da wannan hanya Olmarker da Robert Myers suka nuna a cikin shekarar 1998 cewa ɓera ya fi nuna alamun ciwo idan abubuwa biyu suka haɗu, watau ƙullu ya taɓa jijiya, kana kuma an ɗan ture ta daga mazauninta. Ma'ana, kumburi yakan sa jijiya ta yi tsami, sa'an nan 'yar dannewar da da ba za ta dame ta ba ta zama azaba. Wannan ya warware ruɗanin hotunan nan na masu fashewar faifai da ba sa jin ciwo.

An Kama Mai Laifi

Saura a san wane sinadari ne a cikin ƙullun ke hura wutar. A cikin shekarar 1998 Olmarker da Karin Larsson suka nuna yatsa ga wani sinadari da ake taƙaita sunansa da TNF, wanda aka fara ganowa a birnin New York a cikin 1975, kuma jiki ke amfani da shi wajen kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa fagen fama. A cikin shekarar 2000 wasu masana na Japan da Amurka suka ɗiga TNF zalla a kan jijiyar ɓera, sai ya yi irin ɓarnar da ƙullu ke yi.

An kuwa yi sa'a, domin a daidai wannan lokaci an riga an fito da magunguna masu ɗaure TNF, irin su infliximab da etanercept, ana ba masu amosanin gaɓɓai suna samun sauƙi mai ban mamaki. A cikin shekarar 2001 Olmarker da Rydevik suka gwada su a kan aladu. Jijiyoyin ba su kumbura ba, jini bai daskare a ƙananan hanyoyinsu ba, gudun saƙo kuma bai ragu ba. Duk wanda ya karanta rahoton a wancan lokaci zai ce an gama da ciwon.

Murnar Finlan Da Ta Koma Ciki

Likitocin birnin Oulu na ƙasar Finlan, a ƙarƙashin Jaro Karppinen, su ne suka fara kai maganin ga mutane. A cikin shekarar 2003 suka ba da labarin majiyyata goma masu matsanancin ciwo, waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa da infliximab sau ɗaya tak. Cikin sa'a guda zafin ƙafarsu ya ragu da rabi, kuma har wata uku babu wanda aka kai ɗakin fiɗa.

Sai dai gwajin yana da rauni, domin majiyyatan da likitocin duka sun san cewa sabon magani ake bayarwa, sa rai kuwa shi kansa yana rage zafi. Saboda haka suka shirya gwaji na biyu da mutane 40. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya aka ba su infliximab, ɗayan kuma ruwan gishiri kawai, ba majiyyaci ba likita babu wanda ya san abin da ke cikin gorar. Sakamakon ya fito a cikin 2005. Bayan wata uku kashi biyun duka sun sami sauƙi daidai wa daida, kuma mutum bakwai-bakwai aka yi wa fiɗa a kowane ɓangare. Da aka sake dubawa bayan shekara guda, maganar ba ta canja ba.

Sauran gwaje-gwajen ma ba su kai inda aka sa rai ba. A birnin Janeba na ƙasar Suwizalan an gwada ɗan'uwansa adalimumab a kan mutane 61, rahoton 2010 ya nuna ɗan sauƙi kaɗan da raguwar masu buƙatar fiɗa. A cikin 2012 aka yi wa mutane 84 allura a gadon baya, sai etanercept ya kasa fin ruwan gishiri. A cikin 2015 kuma aka ba da rahoton mutane 269 a Kalifoniya da aka gwada ƙwayar prednisone ta kwana 15 a kansu: motsinsu ya ɗan gyaru, amma zafin bai ragu fiye da na waɗanda suka sha ƙwayar banza ba. Bugu da ƙari, magungunan ɗaure TNF suna da tsada ainun, kuma suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, abin da ba wasa ba ne a ƙasa irin Nijeriya, wadda ke cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa.

Ina Aka Sami Saɓani?

Masana sun kawo dalilai da dama. Na farko shi ne lokaci. A ɗakin gwaji akan ba dabba magani a lokacin da aka yi mata raunin, ko jim kaɗan bayansa. Mutum kuwa yakan yi makonni yana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe kafin ya ga likita, sa'ad da wutar ta riga ta ci ta kama wasu wurare.

Na biyu, ƙullun ba iri ɗaya ba ne. Faifan alade da ɓera da zomo yana riƙe da wasu ƙwayoyin halitta na tun cikin mahaifa har girmansu, alhali na mutum sukan ɓace tun yana yaro ɗan kimanin shekara goma. Na uku, faifan mutum yakan lalace ne a hankali cikin shekaru kafin ya tsage, na ɓera kuwa lafiyayye ne aka huda da allura, kuma mafi yawan ɓerayen matasa ne, maza. Saboda wannan ne wasu masana suka mai da hankali ga wani kare na ƙasar Jamus mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, wanda ake kira dachshund. Tun a cikin 1952 wani masani mai suna Hansen ya nuna a Suwidin cewa faifan irin wannan kare yakan tsufa da wuri ya fashe da kansa, kamar dai na mutum.

Na huɗu, fizge ƙafar ɓera ba ita ce ciwon ɗan Adam ba. Majiyyaci yana kuka ne da zafin da ke hana shi barci ko da ba a taɓa shi ba, da tsoron rasa aiki, da kasa yin ruku'u. Siririn zare ba ya auna waɗannan. Shi ya sa a cikin 2010 da 2011 masana a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada suka fito da hanyar karanta zafi a fuskar ɓera, ta duban runtse idanu da yanayin kunnuwa da gashin baki.

Kumburi Ma Yana Da Ranarsa

Dalili na biyar shi ya fi ban mamaki, kuma dabbobin ne suka sake tona shi. Yawancin masu wannan ciwo sukan warke da kansu cikin mako shida zuwa goma sha biyu. Da aka tattara rahotannin hotunan majiyyata a cikin 2017, an ga cewa kusan biyu daga cikin uku na ƙullun da ya bulluƙo yakan ragu ko ya ɓace ba tare da fiɗa ba. Masu cinye shi kuwa su ne fararen ƙwayoyin jinin nan da kumburi ya kirawo. Hirotaka Haro da abokan aikinsa sun nuna a cikin shekarar 2000, da ƙwayoyin halittar ɓeraye, cewa TNF ɗin da ake zargi yana da hannu a wannan shara. Tun a cikin 1998 ma wani gwaji da aka yi da zomaye a Japan ya nuna cewa sitiroyid mai yawa yana jinkirta narkewar ƙullun.

Watau kumburin da ke ƙona jijiya shi ne kuma ke kwashe abin da ya jawo ƙunar. Wanda ya kashe shi ƙurmus yana iya korar ɓarawo tare da mai gadi. Wannan ne ya sa binciken ya karkata ga neman maganin da zai kwantar da jijiya ba tare da ya hana jiki aikinsa ba.

Hakkin Dabbobin

Ba za a rufe wannan magana ba sai an ambaci waɗanda aka yi aikin a jikinsu. A cikin shekarar 1959 masana biyu na Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da jami'o'in duniya suka runguma: a musanya dabba da wata hanya duk inda zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma tausasa hanyar don wahalarsu ta ragu. Kafin a taɓa ɓera ɗaya, tilas kwamitin jami'a ya duba shirin ya amince. Gwajin da aka tsara shi da sakaci zalunci ne sau biyu, domin dabba ta sha wuya a banza, sa'an nan an yaudari majiyyaci da sakamakon da ba shi da tushe.

Abin Da Ya Rage Ga Majiyyaci

Aladu da ɓeraye ba su yi ƙarya ba. Sun koya wa likitoci cewa ciwon nan haɗin gwiwa ne na dannewa da kumburi, ilmin da ba a da shi a zamanin Mixter da Barr. Amma shaidar dabba mafarin shari'a ce, hukunci sai an gwada a jikin mutane masu yawa, an kuma kwatanta su da waɗanda ba a ba maganin ba. Saboda haka idan aka ji talla ko labari cewa wani magani, na Bature ne ko na gargajiya, ya warkar da ciwon baya a jikin ɓeraye, abin tambaya shi ne mutum nawa aka gwada shi a kansu, kuma da me aka kwatanta.

Magungunan kumburi na yau da kullum, irin su ibuprofen da diclofenac, sukan ɗan taimaka na 'yan kwanaki, amma nazarin da aka tattara a cikin 2016 bai nuna suna da wani ƙarfi na a zo a gani a kan ciwon da ke sauka ƙafa ba. Yawan shansu kuwa yana kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini, balle a ce an haɗa iri biyu ko uku a ƙulli ɗaya kamar yadda masu tallar magani ke yi a tasha. Shan sitiroyid ba da izinin likita ba ya fi wannan haɗari.

Shawarar likitoci ita ce majiyyaci ya ci gaba da motsi gwargwadon iyawarsa, kada ya kwanta kwana da kwanaki, ya kuma ba jikinsa lokaci. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan da mutane 283, aka buga a cikin 2007, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa fiɗa da wuri sun fi saurin samun sauƙi, amma bayan shekara guda su da waɗanda suka yi haƙuri sun zo daidai. Sai dai akwai alamun da ba a jira da su. Idan fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba da sanin mutum ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa ta fara shanyewa, ko kuma ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, to, a garzaya asibiti a ranar, domin jinkiri a nan yana iya barin nakasar da ba ta gyaruwa.